Tsakanin Allura da Alƙalami

Ni tela ne. Shekara 19 ke nan ina zaune bayan keken ɗinki a wani ɗan shago da ke unguwar Zango a Damagaram, kuma da wannan keken nake ciyar da mutum 6, in an haɗa da mahaifiyata. Amma waɗanda suka san ni sosai sun san akwai abin da na riga ɗinki farawa. Tun ina ɗan lekol nake rubuta waƙa. A ƙarƙashin teburin da nake yanka akwai wani kaye irin na ƴan makaranta. Idan ka buɗe shi ta gaba za ka ga awon mutane, tsawon hannu da faɗin kafaɗa da ranar da za a zo karɓa. Idan ka juya shi ta baya sai ka tarar da baitoci. In biyun suka haɗu a tsakiya, sai in sayi sabo.

Waƙa ba ta taɓa ciyar da ni ba. Guda 5 kacal na taɓa kaiwa situdiyo a rayuwata, suka ɗan zagaya wayoyin abokai ta WhatsApp, ɗaya kuma aka sa ta sau biyu a wani gidan rediyo na nan gari. Ko dala ban taɓa samu a kansu ba, ni ne ma nake biyan mai kiɗa da ƴan amshi. Saboda haka ba maganar mawaƙin da waƙa ce sana'arsa zan yi ba. Maganar irina zan yi, kuma muna da yawa: malamin lekol, ɗan kabu-kabu, ma'aikaciyar asibiti, matar aure mai goyo, duk wanda wani abu yake motsi a ƙirjinsa alhali ga aiki a gabansa yana jira. Tambayar da ta daɗe tana cin raina ita ce, lokacin nan da nake zama ina gyaran baiti, na wane ne? Nawa ne da zan yi yadda na ga dama da shi, ko kuwa na wasu nake ɗiba ba su sani ba?

Wanda bai taɓa rubuta waƙa ba yana zaton zama ake yi a ce yau zan yi waƙa, kamar yadda ake cewa yau zan yanka riga. Ni dai ba haka take zo mini ba. Sau da yawa keken ne ma yake kawo ta. Keken ƙafa yana da nasa kiɗan, in ƙafa ta daidaita a kansa yana tafiya ba gargada, sai kawai in ji wata magana ta hau karin ta zauna daram. Wannan ɗango na farko kyauta ne, ba a shan wahala a kansa. Wahalar tana baya. Dole ka nemo masa ɗan uwa da zai yi daidai da shi a nauyi, doguwar gaɓa inda ake son doguwa, gajera inda ake son gajera. Amsa-amon da ka rufe baitin farko da shi kuwa ya zama igiya a wuyanka, zai bi ka har baiti 20, kuma kowace kalma sai ta zo da ma'anarta, ba a cusa ta don kawai ƙarshenta ya dace. Ga kuma amshi, wanda shi kaɗai ne mafi yawan mutane za su riƙe. Kalma ɗaya takan cinye mini awa guda, kuma awa ce da ba ta yarda a raba ta da wani abu. Miƙaƙƙen ɗinki ana iya yin sa da rabin hankali, amma yanka ba ya yiwuwa haka, don almakashi ba ya yafiya. Na taɓa yanka hannun riga na dama har sau biyu a shaddar wani saboda ina neman kalmar da za ta amsa wata.

Na daɗe ina ɗaukar irin wannan a matsayin abin dariya, har zuwa wani azumi shekara 4 da suka wuce.

Kowa ya san yadda goman ƙarshe take a wurin tela. Ba ma rufe shago, a nan muke buɗa baki, a nan muke sahur. Azumin kuma ya faɗo cikin bazara, zafi ya haura digiri 40 da rana, ga wuta tana zuwa tana tafiya, don haka da dare ake yin aikin kirki. A farkon watan wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a bakin hanyarmu ta kawo mini ɗinkin yaranta 3, maza biyu da ƴar ƙaramarsu da ba ta wuce shekara 7 ba. Mijinta ya rasu a waccan shekarar. Muka yi ciniki jika 6, ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo mini jika 3 na kafin alƙalami, rabinsu ƙananan kuɗi masu ƙamshin mai. Da za ta tafi sai ta juyo ta ce, "Malam, don Allah kada ka ba ni kunya. Wannan ce Sallarsu ta farko babu ubansu."

Na ce mata, "Yaya, kwantar da hankalinki. In Allah ya yarda, saura kwana 3 Sallah za ki zo ki ɗauka."

Maganar nan tata ba ta bar ni ba. Ina da shekara 9 mahaifina ya rasu, kuma ban manta da Sallar da ta biyo baya ba, yadda na je Idi da rigar yayana da aka naɗe mini hannunta. Kwanaki tana yawo a kaina, sai a daren 25 ga wata, ina tsakar taka keke, ɗangon farko na wata waƙa a kan maraya ya faɗo mini. Na ce bari in rubuta shi kawai kada ya gudu. Kafin in ɗago kai an yi kiran sallar farko. Dare na biyu na ce wa yarana biyu su ci gaba da haɗa abin da na yanka, kaina yana ciwo, na koma lungun shago da kaye da fitilar waya. Dare na uku ma haka. Ban taɓa rubuta abin da ya kai ta daɗi a wurina ba. Har maganar nan da malamai suke yawan kawowa na saka a ciki, ta kusancin mai riƙon maraya da Manzon Allah (SAW) a Aljanna. Ina rubutu ina share hawaye, ina jin kaina mutum mai tausayi ƙwarai.

Da na farfaɗo, kaya sun taru har sun kusa taɓa rufi. A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da dararen ukun. Na dubi tarin, na ware na waɗanda in sun zo ba su samu ba za su tara mini jama'a a bakin shago, alhazai masu shadda da matan da suke kawo mini aiki duk wata. Su na fara yi wa. Na mai ƙosai na tura ƙasa, don na san ba za ta yi faɗa ba. Ta zo ranar da na sa mata, na ce gobe. Lissafina azumi zai cika 30, sai ga shi an ga wata a daren 29. Ta dawo bayan isha'i riƙe da hannun ƴar, na miƙa mata na mazan biyu. Atamfar yarinyar kuwa ko yankawa ban yi ba. Uwar ba ta ce komai ba. Yarinyar ce ta leƙa bayana tana duba kayan da aka rataye, tana neman kalar tata.

Na kwana a kai, amma akwai wasu a gabanta da na riga na karɓi cikon kuɗinsu. Sai da aka sauko daga Idi na kammala, na kai da kaina wajen hantsi. Na tarar yaran sun riga sun fita yawon Sallah, ita ƴar da tsohuwar rigarta. Uwar ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "An gode, Malam. Sai in ajiye mata ta Layya." Ta shiga ta fito da cikon jika 3 ɗin. Na ce ta bar su, ta ce a'a, ai aiki na yi.

Uzuri ba ya yi wa tela wuya. Wuta ta yi ta ɗaukewa, gaskiya ne. Wata ya zo da wuri, shi ma gaskiya ne. Teloli kuma an riga an san mu da saɓa alƙawari, har ya zama abin zolaya, don haka ba wanda zai yi mamaki. Amma ni na san inda dare 3 suka tafi. Na zauna na yi wa marayan da ke cikin kaina kuka, na bar wadda take da jini da tsoka ta je Idi da tsohuwar riga. Tun daga ranar na daina yarda cewa kyawun abin da waƙa take faɗa yana wanke hanyar da aka bi aka same ta.

Da na zauna na yi lissafi da gaskiya, sai na ga abin da nake kira "lokacina" kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa nawa. Ranar da na karɓi jika 3 ɗin nan, na sayar wa matar nan da wasu awoyi na darena, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na sake dubawa gida, sai na ga abin ya fi haka daɗewa. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san wahalar ruwanmu, garin a kan dutse yake, kuma in bazara ta yi a unguwanni da yawa sai tsakar dare famfo yake kawowa, in ma ya kawo. Shekara da shekaru, a daren da waƙa ta riƙe ni a shago ko a zaure, wa yake tashi ƙarfe 2 ya jera bido a bakin famfo? Maiɗakina. Wa yake zama da yaro mai zazzaɓi in na ce kada a dame ni ina wani tunani? Ita ce. Kuɗin da nake kai wa mai kiɗa, jika 15 ko 20 a waƙa ɗaya, daga wane buhu suke fita in ba na hatsin gidan ba? Ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa cewa uffan ba, sai na ɗauki shirunta a matsayin izini.

Abin da na gano ke nan, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Lokacin da mutum ya ɗiba ya ba abin sha'awarsa ba daga sama yake faɗowa ba, akwai mai biya. Kuma ba a raba biyan daidai tsakanin mutane. Mai baki, wanda zai iya tsayawa a ƙofar shagonka ya ɗaga murya, ba ya asarar komai. Wanda ke biya shi ne wanda kunya ko talauci ko ƙauna suka rufe wa baki: mai ƙosai, matarka, ɗanka, tsohuwarka. Shi ya sa mai irin wannan hali yake daɗewa bai san yana zalunci ba, don ba wanda yake kawo masa ƙara.

Bayan Sallar nan na yi abin da na ɗauka shi ne tuba. Na yage shafukan baya na kayen, na haɗa da tsofaffin, na kulle a akwati, na ce ni da waƙa har abada, tunda an ce taura biyu ba ta taunuwa. Na yi kusan shekara ɗaya da rabi a haka. Ɗinki ya gyaru, ban sake saɓa wa kowa rana ba. Amma wani abu ya lalace wanda ban lura da shi ba sai da aka nuna mini. In ɗango ya zo ina taka keke, sai in danne shi kamar mai danne tari a masallaci, kuma abin da ka danne da rana yakan fito da dare ta wata hanya. Na zama mai saurin fushi. Yaran shago suka fara tsorona. A gida in na shigo sai hira ta mutu. In na ji waƙar wani a rediyo ba na jin daɗinta, sai neman inda ya karya kari. Mafi muni, can ƙasan zuciyata na fara ganin iyalina kamar su ne suka raba ni da abin da nake so, alhali ba wanda ya ce in bari.

Wani dare na yi wa babban ɗana tsawa a kan kofin da ya kife, har ya kasa cin abinci. Da yara suka yi barci, uwarsu ta zauna kusa da ni ta ce, "Malam, in tambaye ka mana. Ina littafin nan naka?" Na ce na ajiye shi saboda su. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To mu dai ba mu ga ribar ba. Da, rabinka muke samu amma yana dariya. Yanzu an ba mu kai duka, sai dai ba a iya zama kusa da kai."

Maganar nan ta koya mini cewa barin waƙar ma bai hana ni ɗibar haƙƙinsu ba, hanya kawai ya sake. Da ina ɗibar darensu, yanzu ina ɗibar walwalarsu. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Wanda ya hana ransa ɗan abin da yake jiƙa shi, bushewar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba.

A wannan lokacin ne wani labari da na sha ji a wurin karatu ya zo mini da sabuwar fuska, wato labarin Salmanu Farisi da Abu Darda'i, wanda Buhari ya kawo. Salmanu ya ziyarci ɗan uwan nasa ya tarar da matarsa ba ta kula da kanta, da ya tambaya sai ta nuna masa cewa mijin ba ruwansa da duniya, yini azumi, dare tsayuwa. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abu Darda'i ya ci tare da shi, ya kuma hana shi tsayuwa sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa. Da maganar ta je ga Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Abu biyu na ɗauka a nan. Idan nafila, da duk darajarta, ba a yarda ta cinye rabon iyali ba, ina ga baitocin tela? Amma kuma a cikin masu haƙƙin nan an ambaci ran mutum kansa. Ba a ce a kashe shi don sauran su rayu ba.

Akwai abokina a fadarmu, malamin lekol ne, wanda bai yarda da ni ba ko kaɗan, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Muna shan shayi na ba shi wannan labari, sai ya ce, "Kai dai tsoro ne ya kama ka. Babu wani abin kirki da aka taɓa yi a duniya ba tare da wani ya ji jiki ba. Da Shata ya tsaya lissafin haƙƙin kowa kafin ya buɗe baki, da wa zai san shi? Riga ɗaya ce fa, an riga an manta da ita. Waƙa mai kyau kuwa takan yi shekara 50 ana ji."

Na daɗe ina juya maganarsa. Amsar farko da na samu ita ce, Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos waƙa ce allurarsu. Da ita suka ci, da ita suka ciyar, saboda haka daren da suka kwana suna waƙa aikinsu suka kwana yi. Ni kuwa ba wanda ya kawo mini atamfa saboda ya ji ina da amshi mai daɗi. In ina son matsayinsu, sai in fito fili in rufe shago, in gaya wa iyalina ga abin da na zaɓa, in ɗauki abin da zai biyo baya. Abin da bai halatta ba shi ne in ci gaba da karɓar kuɗin tela ina rayuwar mawaƙi a ɓoye. Amsa ta biyu kuma, na yarda fasaha tana son sadaukarwa, amma mutum da abinsa yake sadaka. In na hana kaina barci ko hirar fada ko sabuwar waya saboda waƙa, wannan nawa ne na bayar. Sallar yarinyar nan ba tawa ba ce, kuma ba ni ke da ikon cewa an manta da ita ba. Ni da nake faɗa, shekara 30 ba su mantar da ni rigar yayana ba.

Sannan ban yarda cewa sai an yi watsi da nauyi ake yin waƙar da za ta daɗe ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci tana matar Waziri Giɗaɗo, da gida da ƴaƴa da ɗalibai, kuma jajis ɗinta suka riƙa kai waƙoƙin ga matan ƙauyuka. Sa'adu Zungur yana koyarwa yana siyasa yana fama da rashin lafiya ya bar waƙoƙin da har yau ake nazari, shekaru da yawa bayan rasuwarsa a 1958. A nan gida Nijar, Malam Maman Barka malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurumi da biram. In ma aka bar manya, wa ya ƙirƙiri waƙoƙin daka da na niƙa da na daɓe da na reno? Iyayenmu mata ne, waɗanda ba su taɓa samun awa ɗaya da za su kira tasu ba. Ba su ajiye taɓarya don su yi waƙa ba, taɓaryar ce ta ba su karin. Da na tuna haka sai na ji kunyar yadda nake kallon kekena kamar abokin gaba, bayan shi yake ba ni ɗangon farko kyauta.

Duk da haka akwai inda abokina ya yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai asara. Wasu waƙoƙin sai an bi su da zafinsu, in ka ce su jira Juma'a sai ka tarar sun huce. Na rasa da yawa a haka. Wataƙila da na saki komai na bi waƙa, da na zama wani abu, wataƙila kuma da na zama tsohon da ba shago ba suna. Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne asarar da nake yi yanzu daga aljihuna take fita, kuma ita ce irin asarar da zan iya kwana da ita.

Ga yadda muka shirya, ko wani zai ga abin ɗauka. Na buɗe akwatin, amma kafin nan sai da na zauna da maiɗakina na roƙi lokacin da baki, abin da ban taɓa yi ba. Muka yanke cewa daga saukowa Juma'a zuwa magariba shago a rufe yake, kuma wannan tsakanin na waƙa ne, kowa a gidan ya sani. Daga tsakiyar Sha'aban har a sauko Idi ba na taɓa bayan kaye, haka ma kwana 15 kafin Layya. In ɗango ya zo ina aiki, sai in ɗauki waya in rera shi sau ɗaya in naɗa, abin da bai kai minti guda ba, in koma kan allura. Wanda ya rayu har Juma'a rabona ne. Kuɗin situdiyo kuwa ba ya fita daga kuɗin ɗinki. Ragowar ƙyallaye nake tarawa in haɗa rigunan matashin kai in sayar, in sun kai sun kai, in ba su kai ba waƙar ta zauna a takarda. Ranar da famfo ya kawo da dare, ni nake tashi.

A zaman nan ne kuma na yi mata tambayar da ya kamata in yi tun shekara 14 da suka wuce. Na ce, "Ke fa, babu abin da ranki yake so?" Sai ta yi dariya ta ce tun tana budurwa take son ta sauke Alƙur'ani, aure ya zo, haihuwa ta biyo. Shekarun nan duka ina ganin ni kaɗai ne a gidan mai wani abu a ƙirji. Yanzu Asabar da Lahadi da yamma tana zuwa makarantar matan aure, ni kuma yara suna shago tare da ni, ƙaramin yana tsince mini maɓallai. Ta kusa kai rabi. Na lura tun da aka fara haka, in na zauna da alƙalami ranar Juma'a ba na jin nauyin nan da nake ji a da, na mai cin abu a ɓoye, kuma ko baiti biyu na samu sai in tashi da sauƙin rai.

Ba zan ce na gama warware tambayar ba. Har yanzu akwai daren da waƙa take zuwa da ƙarfin da naɗin minti ɗaya ba ya isarta, in kwanta ina juyi, ina jin kamar ana zare mini wani abu. Akwai kuma Juma'ar da nake zama awa 4 ban samu ko kalma ba, in ce da ma ɗinkin na yi. Abin da ya canza shi ne tambayar da nake yi wa kaina kafin in juya kayen. Da nakan tambayi ko ina da lokaci, kuma mai son abu kullum yana samun amsar da yake so. Yanzu nakan tambayi wa zai biya, kuma ko ya sani. Idan amsar ni ce, ko wanda na roƙa ya ba ni da daɗin rai, sai in rubuta. Idan wani ne da ba zai iya buɗe baki ya ce a'a ba, sai in rufe.

Waƙar marayan tana nan a akwati, baiti 22, ban kai ta situdiyo ba, kuma ba na jin zan kai. Abokina ya ce wauta ce, tunda aikin gama ya riga ya gama, gara ma mutane su amfana. Mai yiwuwa yana da gaskiya, ni dai bakina ne ba ya iya rera ta. Mai ƙosai kuwa ba ta canza tela ba, abin da ya fi kowane faɗa yi mini nauyi. Duk farkon azumi tana kawo ɗinkin yaran. Ba ta san labarin waƙar ba, har yau tana zaton wuta ce ta hana. Na sha niyyar in gaya mata in nemi gafara, kuma ina roƙon Allah ya ba ni ƙarfin yin haka kafin azumin bana ya fita. Kafin nan dai, atamfar ƴar ita nake fara yankawa, tun kafin in taɓa shaddar kowa. Bana da na auna ta, tsawonta ya ƙaru da kusan taƙi guda.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu, ya yafe mana wanda muka ci ba mu sani ba.